Jirgi a Garin da Ake Sayen Ruwa

A Damagaram, inda ruwa ke zuwa a baro,
bido ɗaya dala goma, in rani ya matsa ashirin,
a nan ni Mutari, mai gyaran radiyo a Zango,
na ce zan ƙera jirgin tsere.
Habsu ta ajiye muciya, ta dube ni sama da ƙasa:
"A randa za ka tuƙa shi?"

Da katakon akwatin shayi na fara.
Na fere shi da aska har ya yi hancin gafiya.
Cikinsa kumfar tsohon firiji,
fatarsa galan ɗin man gyaɗa,
na buge, na lanƙwasa, ya yanke ni sau uku.
Jinina na nan ƙarƙashin fenti har yau.

Inji na zaro daga wata rakoda
wadda ta mutu da kaset a bakinta.
Farfela, murfin gwangwanin tumatir,
kunne uku, kowane na murɗe shi da filaya.
Sandar juya ta, wayar ƙafar keke.
Telekoman kuwa a Kasuwar Dole na tsinto ta,
ta wata motar wasa da aka take.
Mai tsibi ya ce ɗari, na taya hamsin,
muka rabu a saba'in,
kowa na murna ya cuci wani.

Dare goma sha ɗaya ina liƙi da dalma.
Kuran ya ɗauke a bakwai daga ciki,
sai in gasa ƙarfe a garwashin shayi,
tocila a baki, yawu na zuba,
sauro na cin rabonsa a ƙeya.

Ran gwaji na sayi bido biyu, na cika bahon wanki.
Na taɓa maɓalli.
Jirgi ya yi gurnani, ya ja da baya kamar rago,
ya daki baho,
ya nutse ta gindi.
Ja da baƙar waya na sauya wa gurbi,
ramin sanda kuma yana sha.
Na toshe shi da kakin zuma da man kaɗanya.
Habsu ba ta ce uffan ba,
ta zuba kayan yara a ruwan, ta hau wanki.

Wata huɗu yana bisa kabad,
gizo-gizo ya yi masa igiyar ɗauri.
Can a Birni, Bra mai walda ya ji labari,
ya yanka tukunyar sanholo, ya yi nasa,
mai nauyi, mai ƙara kamar injin markaɗe.

Sai Agusta.
Sama ta zubo kwana biyu,
kududdufin bayan duwatsu ya cika har wuya,
kwaɗi suka buɗe kasuwa.
Muka sa iyaka: daga dutse mai tsaga zuwa gindin aduwa.
Yara sun jeru, wani ya ɗaga hula, ya saki.

Kai, ya gudu!
Ya tsaga jan ruwa gida biyu,
yatsana na rawa, shi yana jin rawar daga nesa,
in karkata hagu ya karkata,
ni da ban taɓa ganin teku ba.
Taku talatin, arba'in,
na Bra na baya yana tari,

sai shiru.

Baƙar leda ta naɗe farfela.
Na Bra ya iso daf da shi, pil ta ƙare.
Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar masu gaisuwar mutuwa,
wata agwagwa ta ratsa tsakaninsu,
ta kai aduwa, ta girgije.

Na shiga har ƙirji na ɗauko.
Taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya.

"Wa ya ci?" in ji Habsu.
Na ce, "Agwagwa."
Ta karɓe shi, ta kifa a cinya,
ta tsince ledar da tsinken kitso, zare-zare,
ta daɗe tana duban kunnuwan nan uku.
Sannan ta shiga madafa,
ta fito da tsohuwar rariyar tankaɗe.
"Yanka wannan ka rufe masa.
Kuma ka koma da wuri,
ruwan nan ba zai kai sati uku ba."